VigiAccess, shafin illolin magunguna da ake yawo da hotunansa a WhatsApp: ga yadda na same shi

Jama'a assalamu alaikum. Yau a kan wani shafin intanet zan yi magana, sunansa VigiAccess, kuma abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta shi ne hotunan shafin nan sun fi shi kansa yawo a cikinmu. Ko ba ka taɓa buɗe shi ba da wuya a ce ba a taɓa turo maka hotonsa a guruf ba, musamman lokacin rigakafin korona, a zagaye wata lamba da jan layi a rubuta a ƙasa wai ku ga abin da ake ɓoye mana. Ni a kantin magani nake aiki, kullum ina bayan kanta, kuma na daɗe ina shiga shafin nan, wani lokacin don kaina wani lokacin don wani ya zo da waya a hannu hankalinsa a tashe. To bari in faɗi alherinsa in faɗi inda yake buƙatar a bi shi a hankali.

Da farko dai shafin ba na bogi ba ne, wannan a cire shi a rai. Na wata cibiya ce da ke birnin Uppsala a ƙasar Suwidin, wadda ke riƙe wa Hukumar Lafiya ta Duniya rumbun rahotannin illolin magani da ake kira VigiBase. Asalin abin bala'in thalidomide ne, maganin da aka riƙa ba wa masu juna biyu don laulayi da rashin barci daga ƙarshen shekarun 1950, aka haifi yara sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a gane daga ina abin yake, sai a 1961 wani likita a Ostireliya, William McBride, da wani a Jamus, Widukind Lenz, suka haɗa alaƙar. Kowace ƙasa tana ganin nata 'yan kaɗan babu wanda ya ga duka. Shi ne a 1968 ƙasashe 10 suka fara tara rahotanninsu wuri guda, aikin ya koma Uppsala a 1978, Najeriya ta shiga a 2004 ta hannun NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, yanzu rumbun ya haura rahoto miliyan 30. A 2015 aka buɗe VigiAccess don kowa ma ya iya leƙawa.

Amfani da shi ba wuya. Kyauta ne, ba rajista ba fasawod, kuma ba ya cin data sosai tunda kusan duk rubutu ne. Kana shiga za ka tarar da dogon bayani na gargaɗi, sai ka danna cewa ka karanta kafin ya bar ka ka wuce. Daga nan ka rubuta sunan maganin yadda yake a jikin kwali, shi kuma ya mayar da kai kan sinadarin da ke ciki, ya nuna maka jimillar rahotannin da aka taɓa kawowa, a ƙasa kuma an kasa su sashe-sashe, na fata daban, na ciki daban, na zuciya, na jijiya, na ido, ka danna kowanne ya zubo maka sunayen matsalolin da adadin kowacce a gefe. Akwai kuma rabo ta nahiya, ta shekarun mai shan maganin, maza da mata, da shekarar da aka kawo rahoton. Shi ke nan abin da ke ciki.

Abin da ya fi burge ni gaskiya shi ne wannan gargaɗin na bakin ƙofa, don ba su yi ƙumbiya-ƙumbiya ba, sun faɗa ƙarara cewa ganin abu a jerin ba ya nufin maganin ne ya jawo shi, kuma ba za ka iya lissafa yawan faruwar illa daga lambobin ba, kuma kar ka bar maganinka ba ka ga likita ba. Matsalar ita ce kusan kowa danna wajen yake ya wuce, wanda aka tura wa hoto kuwa bai ma san akwai gargaɗin ba.

Rahoton da ke cikin rumbun nan kamar ƙara ce da aka shigar gaban mai unguwa, an rubuta cewa wane ya ce wane ya yi masa kaza, amma ba a kira shaidu ba ba a yanke hukunci ba. Mutum ya sha magani, bayan nan wani abu ya same shi, shi ko likitansa ko nas ko mai kemis suka yi zargin maganin, aka cike fom. Iyakarsa kenan. Kuma haka ake so ya kasance fa, don in aka ce sai ka tabbatar kafin ka kai rahoto to babu wanda zai kai, sabon abu kuma ba zai taɓa fitowa ba.

Kwanakin baya wani dattijo mai hawan jini da ke sayen magani a wajenmu ya shigo da rana, ya zaro waya daga aljihun gaba ya miƙo min, ya ce ɗan nan duba min wannan, yaron wajena ne ya turo daga Legas. Hoton VigiAccess ne na amlodipine, maganin hawan jinin da yake sha, an zagaye wajen da aka rubuta bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. Ya ce shi dama ƙafarsa na kumbura, ya ɗage bakin wando ya nuna min idon sawun, shatin takalmi ya fito raɗau, da ya ga hoton kuma sai ya ajiye maganin gaba ɗaya. Na ce Baba zauna in gwada ka tukuna. Jinin ya hau sosai. Na ce Baba su wa ke shan maganin nan, ya ce masu hawan jini mana, na ce to su wa shanyewar ɓarin jiki ta fi kamawa ko da magani ko babu, ya yi shiru ya ce mu ɗin ne dai. Na ce to kumburin ƙafar nan naka gaskiya ne, sananniyar illar amlodipine ce, tana rubuce a takardar cikin kwali, likita zai iya rage maka ko ya canza, amma barin maganin shi ne zai kai ka ga abin da aka zagaye da jan layin. Ya koma asibiti a ranar.

Wannan shi ne rami na farko da mutane ke faɗawa, ciwon da ake sha wa maganin shi kansa yana kawo abin da ake ɗora wa maganin. Mai zazzaɓin cizon sauro ya sha magani ya yi amai da ciwon kai, to maganin ne ko maleriyar ce? Maganin ciwon daji kuwa dole ka ga rahoton mutuwa da yawa a ƙarƙashinsa saboda waɗanda ake ba wa dama suna cikin mawuyacin hali.

Rami na biyu, kuma a wajena shi ne babban gibin shafin, babu adadin mutanen da suka sha maganin. A ce misali ka ga rahoto 5,000 na wata matsala, cikin mutum nawa? In mutum dubu 50 ne suka sha to tashin hankali ne, in miliyan 500 ne kuma wata magana ce daban, kuma shafin ba shi da wannan lambar don ba wanda ke aiko ta. Shi ya sa in ka rubuta paracetamol za ka ga jeri mai ban tsoro, ba don ya fi sauran haɗari ba sai don duniya gaba ɗaya na shan sa shekara da shekaru. Kwatanta magani biyu da jimillar rahotonsu kuskure ne tun daga tushe, kuma shi ne abin da aka yi ta yi da rigakafin korona, aka ɗauki abin da aka yi wa biliyoyin mutane cikin ɗan lokaci ana kuma roƙon kowa ya kawo rahoton ko ciwon hannu ne, aka jera shi da tsohon maganin da ba wanda ya damu ya cike masa fom.

Sannan su kansu lambobin suna hawa da sauka saboda dalilan da ba su shafi maganin ba. Sabon magani ya fi samun rahoto a shekarunsa na farko don idon kowa na kansa. In rediyo da Facebook suka ɗauki magana sai rahoto ya yi ta kwarara. Wani lokacin mutum ɗaya ne amma likita ya kai, shi ya kai, kamfanin ma ya kai, ya zama uku, har sai da cibiyar ta ƙirƙiri manhaja ta musamman, vigiMatch, don zaƙulo irin waɗannan. A ɗaya gefen kuma mafi yawan illolin ba a kai rahotonsu sam, akwai wani nazari na 2006 da Hazell da Shakir suka yi, suka haɗa bincike 37 daga ƙasashe 12, suka samu a tsaka-tsaki kashi 94 cikin 100 na illolin ba sa isa hukuma. Kenan lambar tana iya kumbura kuma tana iya ƙanƙancewa, ƙarancin rahoto ma ba shaidar lafiyar magani ba ne.

To ya masana ke yi su gane alamar illa da za a bi da wadda za a bari? Ba jimilla suke kallo ba, kaso suke kallo. A ce misali magani kaza yana da rahoto 100, guda 20 na ƙurajen fata ne, wato kashi 20, alhali in ka haɗa duk sauran magungunan rumbun ƙurajen fata kashi 5 ne kawai, to wannan ya ninka sau 4, akwai abin dubawa. Wata ƙa'ida da Evans da abokan aikinsa suka fitar a Ingila a 2001 ta ce a fara kula in ninkin ya kai 2, rahotannin sun kai aƙalla 3, lissafin kuma ya nuna da wuya a ce katari ne. Amma ko wannan ya fito ba a gama ba, an dai samu dalilin buɗe fayil ne. Daga nan sai mutum ya zauna ya karanta rahotannin ɗaya bayan ɗaya. Yaushe aka fara maganin yaushe abin ya fara, lokacin ya yi daidai da yadda maganin ke aiki a jiki? Da aka daina ya lafa? In an sake sha bisa kuskure ya dawo? Wane magani kuma yake sha, har da na gargajiya? Yana da wani ciwon da zai iya kawo haka? Rahotannin daga ƙasashe daban-daban suke ko duk daga asibiti ɗaya? Da irin waɗannan tambayoyin ake sa kowane rahoto a mataki, daga tabbas, zuwa mai yiwuwa sosai, zuwa zai iya yiwuwa, zuwa da wuya, har da waɗanda bayaninsu bai isa a ce komai ba. Kuma don Allah wannan batun sake shan maganin don a ga ko abin zai dawo kar wani ya gwada a gida, musamman in abin ya shafi fata ko kumburin fuska ko numfashi, akwai illar da ke saɓule fata da baki da ido da magungunan salfa irin su Septrin kan jawo wa wasu, karo na biyu yana iya zama ajali.

Duk wannan aikin VigiAccess ba zai ba ka damar yin sa ba, don ba ya nuna rahoto ɗaya-ɗaya, ba kwanan wata ba tarihin mara lafiya ba sauran magungunan da yake sha. Na fahimci dalilin, sirrin mutane ne, amma ya kamata mai shiga ya san cewa abin da ake yanke hukunci da shi ba ya cikin abin da yake gani.

Misali biyu nake yawan ba wa mutane don su ga cewa alama tana iya tabbata tana kuma iya rushewa. A watan Maris na 2021 likitoci a Nowe da Jamus da Ostiriya suka fara ganin wani irin daskarewar jini a jijiyoyin kai da na ciki, haɗe da ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, a cikin mako biyu bayan allurar rigakafin korona ta AstraZeneca, akasari mata 'yan ƙasa da shekara 60. Mutanen ba su da yawa, amma haɗuwar abubuwan biyu baƙon abu ne, da aka lissafa nawa ake sa ran gani a cikin jama'a haka kawai sai aka ga abin ya zarce, masu bincike kuma suka gano abin da garkuwar jiki ke yi da ke haddasa shi. Ranar 7 ga Afrilu hukumar magunguna ta Turai ta ce a rubuta shi a matsayin illa mai wuyar faruwa ƙwarai, ƙasashe da dama suka canza shekarun waɗanda za a yi wa. Ka ga nan tsarin ya yi aiki cikin makonni, kuma ba yawan lamba ne ya tona shi ba, ingancin bayanin 'yan rahotannin ne.

Na biyun a nan Afirka ne. A watan Mayun 2018 wani bincike a Botswana mai suna Tsepamo ya samu jarirai 4 cikin 426 da iyayensu ke shan dolutegravir, maganin cuta mai karya garkuwar jiki, lokacin da suka ɗauki ciki, an haife su da nakasar laka ko ƙwaƙwalwa, kusan kashi 0.9 kenan alhali a sauran mata wajen 0.1 ne. Hankali ya tashi, ƙasashe da yawa suka ja baya da ba wa matan da ke shekarun haihuwa, mata da dama aka bar su a kan tsohon maganin da ya fi wahalar da su. Aka ci gaba da ƙirga, zuwa 2019 ya zama 5 cikin 1,683, wato 0.3, Hukumar Lafiya ta Duniya ta dawo ta ce a ba wa kowa har masu ciki, a shekarun da suka biyo baya kuma bambancin ya yi ta raguwa har ya zama babu wani na a zo a gani. Abin da ya warware maganar shi ne ungozomomi a ɗakunan haihuwa suna duba kowane jariri suna rubutawa, mai lafiya da mara lafiya, don haka sun san adadin duk jariran da aka haifa da adadin waɗanda suka samu nakasar. Da a ce jerin ƙorafi kawai ake da shi da har yau ana gardama.

Abin da ya fi ci min rai a shafin kuwa ba laifin masu shi ba ne, namu ne. Ka buɗe rabon nahiyoyi a kusan duk maganin da ka ga dama, Amurka da Turai da Asiya sun cinye, Afirka ɗan siriri. Wani nazari ya nuna zuwa 2015 duk rahotannin Afirka ba su kai kashi 1 cikin 100 na rumbun ba. Alhali jikinmu yana da nasa. Duk wanda ya girma a zamanin chloroquine ya san ƙaiƙayin nan da ke hana barci, wanda ya fi kama baƙar fata nesa ba kusa ba. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da ke sa busasshen tari, kumburin leɓe da harshe da suke jawowa ya fi yawa a baƙar fata. Mu ne muka fi kowa shan maganin maleriya, mu ne ke haɗa na asibiti da jiƙo da tsimi, in ba mu faɗa ba wa zai faɗa mana? Mutum zai sha magani ya yi masa illa, ya faɗa wa matarsa da abokan majalisa cewa maganin nan bai karɓe ni ba, maganar ta mutu a nan.

Akwai kuma abubuwan da in da hali da an gyara. Turanci ne zalla, kuma ba na kasuwa ba, na likitoci, kumburin ƙafa ma sai ka san sunansa na asibiti kafin ka gano shi a jerin. Ba ya nuna ƙasa-ƙasa, nahiya kawai, ba za ka ga na Najeriya ko Nijar ko Gana daban ba. Sannan tunda da sinadari yake tara komai, ba ya bambance kamfani da kamfani balle lambar rukunin da aka sarrafa, to matsalar da ta fi damun mu a nan, wato jabu da gurɓataccen magani, ba za ka gan ta a ciki ba. Yara 84 da suka rasu a Najeriya sanadin maganin haƙori na My Pikin da abin ya ɓarke a 2008, da yara kusan 70 na Gambiya a 2022, ba sinadarin maganin ne ya kashe su ba, guba ce mai suna diethylene glycol ta shiga ruwan maganin, kuma likitocin da suka lura yara na zuwa fitsari ya ɗauke musu ne suka ɗaga murya. Irin wannan sanarwar NAFDAC ce za ka bi, ba VigiAccess ba.

In za a ce in ba shi maki, ga ma'aikacin lafiya ko ɗalibin harhaɗa magunguna ko ɗan jarida mai haƙurin karatu zan ba shi 4 cikin 5, yana taimaka min in ga ko wani ya taɓa kawo irin ƙorafin da aka kawo min, daga nan in koma takardar cikin kwali da littattafan aiki. Ga mara lafiyar da ke son ya san ko ya ci gaba da maganinsa kuwa ban ba shi shawarar ya dogara da shi ba ko kaɗan, takardar cikin kwalin ta fi masa amfani don ita an tace ta, ta kuma faɗi wanne ne ke yawan faruwa wanne ne sai jefi-jefi.

Shafin na kallo ne kawai, ba a kai rahoto ta cikinsa. Mu a Najeriya akwai manhajar Med Safety da NAFDAC ta ƙaddamar a ƙarshen 2020, Gana ma suna da ita tun 2019, akwai kuma fom ɗin nan mai ruwan ɗorawa a asibitoci, kuma ba sai likita ba, kai da ka sha maganin ko mai jinyarka za ku iya cikewa. In za ka cike don Allah ka cike shi da kyau, don rahoton da aka rubuta sunan magani da "jiri" kawai ba abin da za a iya yi da shi. Ka sa ranar da ka fara sha da ranar da abin ya fara, nawa kake sha sau nawa a rana, don wane ciwo, duk sauran abin da kake sha har jiƙo da maganin ƙarfi da na ƙiba kar ka ji kunya, me ya faru da ka daina, in mace ce tana da ciki a faɗa. Kwalin kuma kar a yar, a jikinsa lambar rukuni da ranar lalacewa da lambar NAFDAC suke, ka ɗauki hotonsu da waya tun kafin yara su yi wasa da shi.